Ƙarfi Muke Saye ko Ƙara? Muhawara kan Canza Matatar Iska da Salansa

Mai Jar Mota:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon waɗanda suka san inji su faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Motata mai silinda huɗu ce, inji lita 1.8, ba turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), giyar hannu. Wata biyu ke nan da na cire akwatin iskar da ta zo da shi, na sa buɗaɗɗiyar matata irin mai kama da mazurari, wadda ke zaune tsirara a cikin bonet. Na kuma sauya tukunyar salansa ta baya da wata mai faɗin baki. Ranar farko, da na taka totur na ji gurnanin nan, na tabbata motar ta zama wata daban.

Yanzu kuwa abu biyu ke damuna. In na daɗe a cunkoso da rana, tashinta sai ya yi nauyi kamar tana jan wani abu. Shan mai kuma bai ragu ba, kamar ma ya ƙaru, alhali a jikin kwalin an rubuta ƙarin ƙarfi da sauƙin mai. Wani abokina ya ce aikin ne ban ƙarasa ba, wai in sa bututu mai inci 3 tun daga gaba har baya, in fasa katalis, wato tukunyar da ke rage gubar hayaƙi, in zubar da abin da ke ciki. Kafin in sake taɓa motar nan ina so in ji daga gare ku. Waɗannan abubuwa suna ƙara ƙarfi da gaske?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam ɗana. Matambayi ba ya ɓata. Kafin komai, kada ka bari kowa ya sa guduma a katalis ɗin nan. Zan dawo kan dalili.

Nauyin da kake ji a cunkoso ba sai na ga motar ba. Akwatin da ka cire yana da hanci, hancin nan kuma a gaba yake, wajen fitila ko bayan ragar gaba, inda iskar waje ke shigowa. Matatar da ka sa tana zaune kusa da inji, bayan lagireto. Duk zafin da fanka ta kwaso daga lagireto, ita ke shaƙarsa. Mota na gudu abin da sauƙi, domin iska na ratsa bonet. Da ka tsaya, wurin ya zama tanda. Inji kuma ba ya son iska mai zafi.

Ɗan Turbo:
Baba, da girmamawa, amma kada a sa yaron nan ya ɗauka duk harkar yaudara ce. Ni na ɗora motata a kan daino, wato na'urar da tayoyi ke juya ganga tana auna ƙarfin, kafin aiki da bayan aiki. Bambancin a takarda yake, ba a kunne ba. Inji famfon iska ne. Ya shaƙa da yawa, ya fitar da sauƙi, ya ƙona mai da yawa, ya ba da ƙarfi. Wannan ba ra'ayi ba ne. In da ba ya aiki, me ya sa Toyota ke da TRD, Nissan ke da Nismo, wato sassansu na kayan tsere, suna sayar da irin waɗannan kaya da sunansu?

Malamar Fizik:
Yaya Ɗan Turbo, maganarka ta famfon iska daidai ce, amma akwai tambayar da ta biyo baya: ina ne iskar ke maƙalewa? In ka faɗaɗa ƙofar da ba ita ce ke tare mutane ba, ba ka rage cunkoso ba.

Bari mu yi lissafi da motar ƙaninmu. Inji mai bugu huɗu yana cika kowace silinda sau ɗaya ne a juyi biyu. Lita 1.8 a juyi 6,000 cikin minti, iyakar abin da zai shaƙa shi ne 1.8 sau 3,000, wato lita 5,400 a minti. Abin da ke tura wannan iska ciki nauyin iskar duniya ne kawai, kusan kilofaskal 101 a ma'aunin matsi, a gaɓar teku. Ba shi da wani mai taimako. To a ce akwatin kamfani da matatarsa da duk lanƙwasarsa suna cinye kilofaskal 2 lokacin da aka take totur har ƙasa. Ko ka cire komai ka bar bakin injin a buɗe, abin da za ka samu bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. A injin da ke ba da ƙarfin doki 130, doki uku ma bai cika ba, kuma sai a can saman juyi inda ba a cika zama ba.

Yanzu a duba ɗaya gefen. Iska tana yin sako-sako in ta yi zafi. Iskar waje mai digiri 30, a ma'aunin Kelvin 303 ke nan. Iskar cikin bonet a ce ta kai 55, wato 328. Raba 303 da 328, za ka ga kowace lita ta rasa sama da kashi 7 cikin 100 na nauyinta. A aikace asarar ƙarfin ba ta kai haka ba, kusan rabinsa ce, amma ko rabin ya fi abin da aka je nema. Sannan iska mai zafi tana jawo ƙwanƙwasar inji, kuma da sensar da ke sauraron ƙwanƙwasa ta ji, ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, za ta jinkirta tartsatsin fulogi don kare fistin. Nan ma ƙarfi ya sake tafiya. Shi ne nauyin da yake ji.

Mai Jar Mota:
Malama na gode, lissafin ya shiga. Amma wallahi ranar farko na ji bambanci a jikina. Ba mafarki na yi ba.

Malamar Fizik:
Na yarda ka ji, ƙanena. Kunne da jiki tare suke aiki. In sauti ya ƙaru, mutum na jin kamar gudu ya ƙaru, kuma masu ƙera mota sun san haka sarai. BMW ta sa wa M5 ɗin da ta fito a 2011 sautin inji da ke fitowa ta lasifikar cikin mota. Volkswagen tana da wata 'yar na'ura a ƙasan gilashin gaba na Golf GTI, aikinta kawai ta girgiza gilashin ta ƙara gurnani. Ba su ƙara doki ko ɗaya da wannan ba, amma direba na jin daɗin tuƙin. Akwai kuma abu na biyu: wanda ya sa sabon salansa yana yawan taka totur don ya ji muryarsa. Ina zargin nan man naka ke tafiya.

Direban Doguwar Hanya:
Batun mai ɗin nan ni ma ya daɗe yana ɗaure mini kai. In matata ta fi buɗewa, ai inji ba zai wahala wajen shaƙa ba. Me zai hana mai ya ragu?

Tsohon Bakanike:
Domin ba matata ce ke shaƙe injin ba, kai ne da ƙafarka. Cikin maƙogwaron injin fetur akwai wani faifai da totur ke buɗewa. In kana tafiyarka ta yau da kullum, faifan nan kaɗan yake buɗe, da gangan yake hana iska wucewa. Ka sa matatar da ta fi kowace buɗewa, abin da zai faru shi ne ka ɗan sassauta ƙafa, iska iri ɗaya ta shiga, ƙwaƙwalwa ta auna ta, ta ba da mai daidai da ita: kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Ba abin da ya canza.

A zamanin kafireto maganarka gaskiya ce. Matata ta toshe, sai ta zama kamar an ja cok, kafireto ya tsotso mai fiye da kima, hayaƙi ya yi baƙi, fulogi ya yi baƙi. Mu da muka koyi aiki a kan irin waɗannan motoci mun ga haka da idonmu. Amma motar da ke da sensa tana auna iskar kafin ta ba da mai.

Malamar Fizik:
Baba ya faɗi daidai, kuma an gwada. Cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta fitar da rahoto a 2009, inda suka toshe matatar iska da gangan a motoci masu feshin mai na zamani da kuma wata tsohuwa mai kafireto. A na zamanin shan mai bai canza wani abin a zo a gani ba, saurin tashi ne ya ragu. Mai kafireton ce ta ƙara shan mai. To in toshewa ba ta ƙara shan mai ba, ƙarin buɗewa ba zai rage shi ba.

Ɗan Turbo:
Na karɓi batun mai. Ban taɓa cewa a sa don tsimin mai ba. Amma kuna magana kamar buɗaɗɗiyar matata a cikin bonet ita ce kaɗai hanya. Wannan ai mafi arhar hanya ce kuma mafi muni. Akwai mai dogon bututu da ke sauka bayan bamba ta ɗebo iskar waje. Akwai mai rufaffen akwati da ya fi na kamfani girma. Waɗannan ba su da matsalar zafi.

Direban Doguwar Hanya:
Oga, mai dogon bututun nan ita ta kashe mini inji. Bakinta yana ƙasa, daidai gaban taya. Aka yi ruwa mai ƙarfi, na shiga wani kwari da ruwa ya taru, wanda ƙananan motoci ke wucewa a gabana lafiya. Ina tsakiya na ji ƙaf, mota ta mutu. Da aka buɗe, sandar fistin ɗaya ta lanƙwashe. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Fistin ya taso ya tarar da ruwa a silinda, dole wani abu ya ba da kai. Garin neman gira na rasa ido. Har yau in na ga matashi da irin wannan bututu sai na tsaya na nuna masa inda bakin yake.

Tsohon Bakanike:
Allah ya mayar da alheri. Irin wannan ya zo hannuna ba sau ɗaya ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta yin ƙara, ita ce ta fi ba ni tsoro. Matata ba don ado aka sa ta ba. Duk litar fetur ɗaya da ka ƙona, injin ya shaƙi iska kusan lita 9,000. Ka lissafa tanki nawa kake sha a shekara. Ƙurar da ke cikin wannan iska yawancinta yashi ne da ya niƙe, kuma yashi yana cin ƙarfe. In ya wuce matata, zai zauna tsakanin ringi da bangon silinda yana gurza, sauran ya sauka cikin baƙin mai ya zagaya ko'ina. Ba yau za ka gani ba, ba gobe ba. Bayan shekara biyu ko uku sai mota ta fara shan baƙin mai, ta fara shuɗin hayaƙi, a ce inji ya gaji. Ni in mota ta zo da irin matatar auduga mai mai, nakan cire bututun in shafa yatsa a cikinsa ta bayan matatar. In yatsa ya fito da gari, na gama bincike.

Sai kuma sensar auna iska. Siririyar waya ce da ake dumamawa, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ƙwaƙwalwa ke sanin yawan iskar. Wanda ya wanke matatar auduga ya cika mata mai fiye da ƙa'ida, man na iya bin iska ya shafi wayar, ƙura ta manne. Ko ba mai, in faɗin bututun da sensar ke zaune a ciki ya bambanta da na kamfani, lissafinta ya karkace, domin an saita ta ne da wancan faɗin. Sai ka ga wutar cek injin, a sa kwamfuta a ga lambar matsala P0171, wato iska ta fi mai yawa, ko P0101, wato awon sensar ya karkace. Mutum ya fara canza fulogi da famfon mai, alhali ciwon yana bakin ƙofa.

Malamar Fizik:
In ƙara kan batun ƙura: akwai ƙa'idar gwajin matata ta duniya, ISO 5011, wadda ke auna kashi nawa na ƙura matata ke tarewa da kuma yawan da take ɗauka kafin ta toshe. Mai saye ya nemi wannan, kada ya tsaya kan yawan iskar da ke wucewa kawai. Kuma a kula da yadda alƙaluman ke ruɗi. A misali, matatar da ke tare 99.5 da wadda ke tare 98 kamar kusan ɗaya suke a ido. Amma ta farko rabin kashi take bari ya wuce, ta biyu kashi biyu. Ninki huɗu ke nan na ƙurar da ke shiga inji.

Mai Jar Mota:
To na fahimci ɓangaren shaƙa. Saura salansa. Abokina cewa ya yi duk abin da ke tare hayaƙi abokin gaba ne. Wani bakanike kuma ya ce a'a, inji yana buƙatar ɗan matsi daga baya, in ba haka ba bawul zai ƙone. Wa zan bi?

Ɗan Turbo:
Wannan magana ta "inji na buƙatar matsi" ita ce ta fi ba ni haushi a duk harkar nan. Ba injin da ke amfana da a toshe masa hanya. Fistin yana kashe ƙarfi ne wajen tura hayaƙi waje, duk matsin da ya tarar asara ce.

Malamar Fizik:
A nan ina tare da kai, Yaya. Amma waɗanda ke faɗar haka wani abu na gaskiya suka gani, suka ba shi sunan da ba nasa ba. Sun ga an sa ƙaton bututu mota ta rasa ƙarfin tashi, sai suka ce matsi ne ya tafi. Abin da ya tafi saurin hayaƙin ne.

Hayaƙi ba kamar ruwan famfo yake fita ba. Dunƙule-dunƙule yake fita, kowace silinda da nata bugun. Kowane dunƙule in yana gudu a bututu yana barin wani ɗan gurbi mai ƙarancin matsi a bayansa. Akwai kuma ɗan lokacin da bawul ɗin fitarwa bai gama rufewa ba, na shigarwa ya fara buɗewa. In gurbin nan ya iso daidai wannan lokaci, zai zuƙe ragowar hayaƙin da ke silinda, har ya taimaka wajen jawo sabuwar iska. Wannan shi ne ribar da ake nema. Tsawon bututu da faɗinsa su ke yanke a wane juyi ne abin zai dace. Daga inci 2 zuwa inci 3 ba rabi aka ƙara ba, faɗin ramin ya ninka sau 2.25, saurin hayaƙin ya faɗi ƙasa da rabi. Injin lita 1.8 ba shi da hayaƙin da zai cika wannan rami.

Shi ya sa ainihin aikin yana gaba, a manifol, inda bututun silinda huɗu ke haɗuwa. Injin silinda huɗu yawanci yana tashi ne a jerin 1, 3, 4, 2. Manifol mai tsarin 4-2-1, wato bututu huɗu su koma biyu sannan ɗaya, yana haɗa ta 1 da ta 4, ta 2 da ta 3, don kada bugun wata ya faɗa wa maƙwabciyarta lokacin da bawul ɗinta ke buɗe. Mazda ta yi amfani da wannan a injinta na Skyactiv-G: dogon manifol 4-2-1 ya rage zafaffen hayaƙin da ke komawa silinda, wanda yana cikin abin da ya ba su damar kai matsin inji 14 bisa 1 a injin fetur. Ka ga tsarin salansa yana da tasiri na gaske. Amma tasirin a lissafin tsawo da faɗi yake, kusa da inji. Tukunyar baya da ƙaninmu ya canza, murya ce yawancin aikinta.

Mai Babur:
Malama, mu masu tsohon babur mai bugu biyu fa? Ni na taɓa cire salansa gaba ɗaya, ƙarfin ya mutu murus.

Malamar Fizik:
Naku daban ne, kuma wataƙila daga wurinku maganar matsi ta samo asali. Inji mai bugu biyu ba shi da bawul, ramuka ne a jikin silinda. Tulun nan na salansarsa an ƙera shi ne ya dawo da bugun hayaƙi baya a daidai lokaci, ya mayar da sabon man da ya fara tserewa cikin silinda. Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas shi ya yi fice wajen gyara wannan fasaha a baburan tsere, har ta kai ga Suzuki bayan da matuƙinsa Ernst Degner ya tsere a 1961. A wannan inji salansa rabin injin ne. Mota mai bugu huɗu ba haka take ba.

Tsohon Bakanike:
Bari in cika alkawarin da na yi kan katalis, wanda yaran gareji ke kira indomi saboda kamannin cikinsa.

Ɗana, abin nan saƙar zuma ce ta yumɓu, ramuka kusan 400 ko fiye a kowane inci murabba'i, an shafe su da filatinam da faladiyam da rodiyam. Tun 1975 aka fara sa shi a motocin Amurka. Aikinsa ya juya gubar da ke cikin hayaƙi ta zama abin da bai kai ta illa ba. Lafiyayyen katalis a ƙaramin inji irin naka kaɗan yake tarewa. In ka fasa shi, ka bar wani kogo a tsakiyar bututu inda hayaƙi zai riƙa hargitsewa, sensar da ke bayansa ta ga ba ya aiki, ta kunna maka wuta da lambar P0420, mota ta riƙa wari. A ƙasashe da yawa ma laifi ne, mota ba za ta ci gwajin hayaƙi ba. Kuma ka sani ƙarafan da ke ciki suna da tsada. Duk wanda ya matsa maka lamba a cire, ka tambaye shi ina za a kai abin da aka cire.

Na san dalilin da ya sa mutane ke rantsuwa cewa cirewa na ƙara ƙarfi. Katalis yana toshewa. Fulogi ya daina tashi, ɗanyen mai ya sauka ya ƙone a cikinsa ya narkar da shi. Ko inji mai shan baƙin mai ya liƙe ramukan. Irin wannan mota ba ta hawa tudu, kana taka totur tana nishi. Aka fasa, sai ta dawo hayyacinta, mai ita ya ce an ƙara mata ƙarfi. Ƙarfinta na asali ne ya dawo. Gwajin kuma ba wuya: a kwance sensar hayaƙi da ke gaban katalis, a ɗaura agogon matsi a ramin, a ɗaga juyi a gani. In ya toshe a sa wani, a kuma gyara abin da ya kashe shi, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu.

Malamar Fizik:
Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ke bayan motar. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Yaron da ke tsaye a bakin titi tsayinsa daidai bakin salansa yake. Ban ga dokin da ya kai wannan ba.

Ɗan Turbo:
Ban ce a fasa katalis ba, nawa yana nan, mai manyan ramuka ne na ƙarfe. Amma ku bar ni in faɗi inda abin ke aiki, don har yanzu ba a yi wa ɓangarena adalci ba.

Motar turbo dokarta daban. Hayaƙi ne ke juya turbo, kuma abin da ke juya shi bambancin matsi ne tsakanin gabansa da bayansa. Duk abin da ka rage na matsi a bayan turbo, ya samu sauƙin juyawa, ya cika da wuri. A nan batun saurin hayaƙi a bayan turbo bai da nauyi, faɗi ya fi. Ɓangaren shaƙa ma haka, turbo yana jan iska fiye da abin da inji mai girmansa zai ja shi kaɗai, don haka ƙaramin akwati na iya zama shinge na gaske. Kamfani kuma ba ƙarfi kaɗai yake dubawa ba. Yana da dokar ƙara da zai cika, yana da dokar hayaƙi, yana da kuɗin ƙira, yana so motar ta yi shiru ga mai iyali. Akwai abin da yake bari a kan tebur.

Tsohon Bakanike:
Gaskiya ne. Amma faɗa masa sauran, ɗana. Ranar da ka hau daino, bututu kaɗai ka canza?

Ɗan Turbo:
A'a Baba. An sake saita ƙwaƙwalwar motar, an ƙara matsin turbo, an gyara mai da lokacin tartsatsi. Kuma zan faɗi gaskiya, yawancin ƙarin daga nan ya zo. Motocin yanzu ƙwaƙwalwa tana da adadin ƙarfin da take nema, in ta samu sai ta tsaya, ko ka buɗe mata hanya. Bututun ya ba da sarari ne, saitin ya yi amfani da sararin. Amma ba don bututun ba, da zafin hayaƙi bai bari an kai inda aka kai ba. Tare suke tafiya.

Kuma ko daino sai an yi hankali. Ka auna mota sau uku a jere ba ka taɓa komai ba, lambobin ba za su zo ɗaya ba. Ana kuma yawan aunawa da bonet a buɗe da ƙatuwar fanka a gaba, wanda ke ɓoye matsalar zafin da Baba ya faɗa. Duk wanda ya nuna maka ƙarin doki uku daga awo ɗaya, bai nuna maka komai ba. Ka kuma dubi layin gaba ɗaya, kada ka dubi ƙololuwa kawai. Ana iya samun biyar a juyi 6,500 a rasa a 2,500, inda kake tuƙi kullum.

Mai Jar Mota:
To yanzu ni me zan yi? Akwatin kamfanin yana nan ban yar ba.

Malamar Fizik:
Gani ya kori ji. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II a ƙasan sitiyari, sauran kasuwanni ma sun bi baya. Nemi 'yar na'urar da ake soka wa a wurin ta haɗu da waya. Duba abu biyu: zafin iskar da ke shiga inji, da gyaran mai na dogon lokaci, wato kashi nawa ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa a kan lissafinta. In ya yi kusa da sifili lafiya, in ya haura 10 akwai magana. Sannan ka sami hanya miƙaƙƙiya da ba mutane, ka sa giya ta uku, wani ya riƙe agogo, ka auna lokacin da take ɗauka daga gudun 50 zuwa 90. Zuwa da dawowa, sau uku-uku, da inji mai zafi. Ka mayar da akwatin, ka ba ta kwana biyu ta saba, ka maimaita a lokaci iri ɗaya na yini.

Mai Jar Mota:
Na dawo bayan mako guda. Da buɗaɗɗiyar matata, in na tsaya a cunkoso zafin iskar yana haura na waje da fiye da digiri 25, kuma yana daɗewa bai sauka ba bayan na tashi. Da akwatin kamfani ma yana hawa, amma bai kai haka ba, kuma da na fara tafiya yake sauka. Gyaran mai yana kan 11 da buɗaɗɗiyar, yanzu ya sauko 6. A agogo kuwa, in mota ta sha iska a hanya, ban iya raba su ba, bambancin bai wuce na yatsan mai danna agogon ba. In daga cunkoso na fito, akwatin kamfani ne a gaba. Na bar shi a jiki da sabuwar matatar takarda. Na shafa yatsa a bututun kamar yadda Baba ya ce, ya fito da gari.

Tukunyar baya kuwa zan bar ta, don ina son muryarta, kuma yanzu na san murya na saya. Abu ɗaya ne, a juyi 2,200 zuwa 2,500 tana wani gunji a cikin mota da ke sa ciwon kai a doguwar tafiya.

Ɗan Turbo:
Gunjin nan ana kashe shi da 'yar tukunya a tsakiyar bututu, ba sai ka canza ta baya ba. Kuma har yanzu ina nan kan bakana: in wata rana ka sami manifol 4-2-1 da aka auna wa injinka, da wanda ya iya saiti, za ka ga abin da agogo zai iya kamawa.

Tsohon Bakanike:
Wannan sai ya gama da na gabansa. Ɗana, 6 ɗin nan bai gamsar da ni ba. Sayi feshin da aka yi musamman don sensar iska, kada ka taɓa wayar da hannu ko tsumma, ka fesa ka bar ta ta bushe kafin ka mayar. Sannan ka bi robar da ke tsakanin sensar da maƙogwaron inji, ka lanƙwasa ta ka duba cikin ninkin ko ta tsage, ka ɗaure maɗaurin da kyau, don wurin cirewa da mayarwa ne ake barin ɗan rami. Ka yi tafiyar kwana uku ka sake karanta mana lambar.